Mako Bakwai da Na Ɓata wa Ramatu

Sunana Isuhu, amma a kasuwar albasa ta Adjamé in ka kira Isuhu mutum goma za su waiwayo, shi ya sa Dogo ake ce mini. Daga ƙasar Madawa na zo, shekara talatin da ɗaya ke nan ina Abidjan ina sauke albasa daga manyan motoci ina sayar wa 'yan sari. Matata Ramatu ce ta ce in rubuta wannan labari, ta kuma gindaya mini sharaɗi cewa kada in wanke kaina a ciki. To, ba zan wanke ba. Duk wanda yake da mai ciwon daji a gida, musamman mu 'yan Nijar da muke zaune a nan, ya daure ya karanta har ƙarshe.

Mu biyu ne kawai a ɗakinmu na unguwar Liberté, cikin gidan haya mai tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya. 'Yarmu tana aure a gida, 'yan mazan biyu suna karatu a Yamai. Ramatu fura take damawa tana sayarwa a ƙofar gida, kuma ban taɓa sanin ta da kwanciya da rana ba. Abin da na fara lura da shi shi ne ta daina daka da hannun hagu. Sai ta riƙa ɗaga taɓarya da dama kaɗai, tana cije leɓe. Da na tambaya sai ta ce sanyi ne. Na yarda, don yarda ta fi sauƙi.

Wata huɗu tana ɓoye mini. Ranar da ta faɗa ma ba ta kalle ni ba, tana wanke ƙwarya ta ce, "Malam, akwai wani abu ga ƙirjina, kamar ƙwallon dabino. Ya daɗe."

Shekara ashirin da shida da aure, amma kunya ta hana ta ce nono a gabana, ni ma kunya ta hana ni in ce mu gani. Na tsaya kamar gunki ina tambayarta ko yana ciwo. Ta ce ba ya ciwo. Sai na ji sanyi a raina, ashe rashin ciwon ba abin murna ba ne.

Kafin mako ya zagayo magana ta karaɗe gidan, kowa ya zama likita. Wata ta kawo saiwa a jiƙa, wata ta kawo baƙin man shafawa mai warin kwalta, maƙwabciyarmu 'yar ƙabilar Jula ta ce a ɗaure ganye a wurin kwana bakwai. Wata tsohuwa 'yar garinmu ta ja ni gefe ta ce kada in kuskura in bari ƙarfe ya taɓa shi, wai daji in ya ji ƙarfe sai ya fusata. Malamin da nake ɗaukar karatu a wurinsa kusa da babban masallacin Treichville shi kaɗai ya ce mini, "Addu'a muna yi, amma ka kai ta likita gobe, ba jibi ba." Ban kai ta gobe ba. Mako biyar muka yi muna shafe-shafe, har fatar wurin ta kumbura ta yi ramuka ƙanana kamar ɓawon lemo. Ranar da na gani da idona na ce mata ta shirya mu tafi asibiti.

Ƙaramin asibitin unguwa bai riƙe mu ba. Matar da ta duba ta ta rubuta takarda ta tura mu wani asibiti a Treichville, wanda ba zan faɗi sunansa ba. Daga nan rayuwarmu ta koma layi. Mu yi sallar asuba mu fita, mu tsallaka gada a cikin bas ana matse Ramatu a daidai wurin ciwon, mu isa mu tarar mutum arba'in sun riga mu. Layin karɓar lamba daban, layin biyan kuɗi daban, layin ganin likita daban. Ranar farko mun kai la'asar a kan benci, sai aka ce hoton ƙirjin da muka kawo daga ƙaramin asibitin ba shi ake so ba. Na yi faɗa har muryata ta dushe, da Faransancin kasuwa wanda bai wuce na ciniki da zagi ba. Ramatu ta ja mini riga ta ce, "Malam, zamna, kana ba ni kunya."

Mako na biyu suka yanki ɗan nama don gwaji. Mako na huɗu sakamako ya fito. Likitan saurayi ne, siriri, mai magana a hankali. Ya ce kansa ce, ciwon daji, amma bai ga alamar ta bar ƙirji ba. Ya ce za a yi mata ƙarin ruwan magani sau shida, duk bayan mako uku, don ƙullun ya ƙanƙance kafin a yi aiki. Sunan maganin da ya faɗa shi ne ya zauna a bakinmu har yau: shimiyo. Ya ɗaga yatsa ya ce, "Abu ɗaya nake roƙo, kada a tsallake lokaci." Na gyaɗa kai kamar ƙadangare. Da ya rubuta kuɗin zagaye ɗaya na duba, sai na ga ya fi ribar da nake samu a wata biyu. Ban nuna wa Ramatu takardar ba, na ninke ta na sa a hula.

A ƙarƙashin matakalar bene na zauna, Ramatu a gefena, sai wata mata ta tsaya a kaina. Gajera ce, Kirista, 'yar ƙabilar Bawule, da gicciye a wuya da littafi a hammata. Ta ce, "Yako, Tonton," wato sannu kawu, irin gaisuwar mutanen nan. Ta ce sunanta Akisi, kowa Tanti Akisi yake ce mata. Su wata 'yar ƙungiya ce ta matan da suka yi wannan ciwo suka tashi, suna bin coci-coci da masallatai da 'yan kasuwa suna tara taimako, suna saya wa marasa ƙarfi rabin magani. Ba su da ofis, teburi ɗaya ne da kujeru biyu a lungun baranda.

Ni da na saba da 'yan damfarar Adjamé, sai na ce mata nawa ne nata kason. Ba ta ji haushi ba. Ta kama hannun Ramatu ta ɗora a kan ƙirjinta na dama, inda babu komai sai auduga a cikin riga. Ta ce, "Shekara tara ke nan, 'yar'uwa. Ga ni ina ta surutu, mijina har ya gaji." Ramatu ta yi dariya, dariyar farko cikin wata biyu. Tanti ta rubuta sunanta, ta rubuta lambar wayata tunda Ramatu ba ta jin Faransanci sosai, a wurin adireshi kuma na ce ta sa Adjamé Liberté kawai.

Da taimakonsu da abin da na sayar muka fara. Ba zan yi wa kowa ƙarya ba, shimiyo abin tsoro ne. Bayan zagaye na farko ta yi kwana huɗu tana amai, ko warin fura ba ta so, sai da muka bar sana'ar. Bayan na biyu gashinta ya riƙa bin mataji, ta tara shi a leda ta ba ni in binne. Bayan na uku faratanta suka yi baƙi, bakinta ya yi gyambo, ta rame har zobenta ya faɗi a wurin alwala. Matan gidan sai su leƙo su koma suna salati ƙasa-ƙasa. Amma ƙullun ya ragu. Likita ya auna ya nuna mini da yatsunsa, daga ƙwai ya koma goro. Don murna na cika rabin buhu da albasa mai kyau na kai wa Tanti Akisi, ta ce ba ta karɓar kyauta, na ajiye mata a ƙarƙashin teburi na gudu.

Ranar zagaye na huɗu muka zo muka tarar da sashen a hargitse. An jera gadaje a baranda, ana loda kwalaye a mota, an liƙa takarda a ƙofa. Ashe za a mayar da masu ciwon daji wani sabon gini ne, a kuma zuba takardun kowa a cikin na'ura, kowa a ba shi sabon kati. Babu wanda ya gaya mana kafin ranar. Teburin Tanti ma babu shi a lungunsa. Muka samu likita a tsaye yana sa hannu a wasu takardu. Ya ce ba za a yi shimiyo yau ba, mu je mu jira, da zarar an buɗe sabon wurin za a kira mu a waya, mako biyu ko uku.

Na ce, "Dokta, ba kai ka ce kada a tsallake lokaci ba?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na sani. Ba ni da yadda zan yi." Bai kalli Ramatu ba, kuma wannan rashin kallon shi ne ya bi ni har gida. Yanzu na gane kunya ce da gajiya. A ranar kuwa abin da na karanta a fuskarsa daban ne, na ɗauka ya cire rai da ita.

A nan sai na yi bayanin wata al'adarmu. Mu 'yan ƙasar Madawa da ke Abidjan muna da ƙungiya, muna da asusu da kowa yake zubawa duk wata. Tun zamanin iyayenmu aikin asusun biyu ne: binne wanda ya rasu a nan, da kai mara lafiya gida in an ga jiki ya yi nisa. Dalili kuwa, ɗaukar gawa a tsallaka iyakoki wahala ce da ba kowa ke iyawa ba, mai rai kuwa tikitin mota kawai yake buƙata. Kuma babu wanda yake so uwarsa ko matarsa ta kwanta a ƙasar da dangi ba za su iya ziyartar kabarinta ba. Don haka in an ji an ce ƙungiya ta yanka wa wane tikiti, kowa ya san ma'anar, sai dai ba a faɗa. Shi mara lafiyar ce masa ake yi za a je ganin gida.

Shugaban ƙungiyar Alhaji Mamman ne, dattijon da ya karɓe ni ranar da na fara sauka a Abidjan da leda ɗaya, shi ya tsaya mini a aurena. Bayan sallar Juma'a ya kira ni shagonsa a unguwar Arras. Akwai dattawa uku a zaune.

Ya ce, "Isuhu, zamna. Mi lokotoro ya ce?"

Na faɗa masa duk yadda muka yi da likita, har da takardar da aka liƙa da kwalayen da ake lodawa.

Ya girgiza kai ya ce, "Ku tai ku jira, za mu kira ku. Haka sunka ce ma Garba mai taya, ka tuna? Haka sunka ce ma matar Illa. Wa anka kira? Mutanen nan ba su ce maka babu fata, sallama ce cikin ladabi. Matata ta gano Ramatu jiya, ta dawo tana kuka. Ka kai ta gida tun tana iya zama bisa kujera, ta ga ɗiyarta, ta ga uwarta."

Na ce, "Baba Alhaji, ƙullun fa ya ragu."

Ya ce, "Ƙullu ya ragu, mutum ma ya ragu. In ta cika nan, mi za ka ce ma tsohuwarta?"

Ba mugu ba ne, kada wani ya fahimce ni a haka. Ya binne mutanenmu da yawa a wannan gari, abin da ya gani yake faɗa. Ni kuma tsoro ya riga ya cinye ni. Kullum na kalli Ramatu a kwance, kai babu gashi, sai in ga maganarsa ta fi ta likita kama da gaskiya. Kwana shida na jira, wayata a hannu har a banɗaki, ba ta yi ƙara ba. A rana ta bakwai na je na ce na yarda. Suka ba ni tikiti biyu. Da zan fita Alhaji ya miƙo mini wani ƙunshi a baƙar leda, ya ce, "Ka sa ƙasan jaka. Hanya tana da nisa, ba a sani ba." Farin yadi ne, likkafani, da turare da sabulu. Na karɓa. Na sa shi a can ƙasan babbar jakarmu, na danne da tsofaffin rigunana.

Na ce wa Ramatu tunda asibiti sun ba da hutu, mu je ta ga gida. Ta dube ni na ɗan lokaci, ta ce, "To, Malam." Ban tambaye ta ra'ayinta ba. Ban kuma nemi Tanti Akisi na gaya mata ba, alhali ina da lambarta. Kunya nake ji, matar da ta yi yawon roƙo dominmu in ce mata mun haƙura.

Kwana huɗu muka yi a hanya, don yanzu sai an yi zagaye saboda rashin tsaro a hanyar da aka saba bi. Duk ramin da mota ta faɗa sai na kalli ƙirjinta in ga ko tana numfashi. Da muka shiga Nijar na yi abin da kowane ɗan kasuwarmu yake yi ba tare da tunani ba: na cire layin wayata na Abidjan na sa na gida, na naɗe wancan a takarda na cusa a aljihun jaka. Lambar da asibiti suke da ita ke nan, ita ce kuma take littafin Tanti.

A gida aka karɓe mu irin karɓar da ake yi wa wanda aka san abin da ya kawo shi. Mutane suna ta zuwa, kowa yana neman gafararta, ita ma tana neman tasu. Sai wani abu ya faru da ya rikita ni. Da maganin ya fara barin jikinta, Ramatu ta fara cin tuwo, gyambon baki ya warke, wani laushin gashi ya fara tsirowa. Dangi suka ce iskar gida ce, ga shi an raba ta da gubar Turawa ta samu kanta. Ni ma na fara murna. A mako na biyar da fasa shimiyon ta kira ni ɗaki, wannan karon babu kunya, ta kama hannuna ta ɗora a wurin. Goron ya koma ƙwai, kuma ga wasu 'yan ƙwallaye biyu a hammata. Na fita bayan gida na tsuguna a gindin rumbu, na rasa wanda zan kira da wurin da zan nufa.

A cikin mako na shida wayata ta yi ƙara da hantsi, lambar Abidjan. Alhaji Mamman ne, muryarsa ba yadda na san ta ba.

Ya ce, "Isuhu, tana da rai?"

Na ce tana da rai.

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ga wata mata nan zamne cikin shagona da buhunka, ta ƙi tashi. Karɓi."

Sai na ji muryar Tanti Akisi, tana faɗa kamar za ta fito ta cikin wayar. "Tonton, ina ka kai mini 'yar'uwata? An buɗe sabon wuri tun kwana goma sha biyu da tafiyarku! Asibiti sun kira, ni na kira ya fi sau talatin, waya a kashe. An ba wata gurbinta, na je na yi rigima an mayar da sunanta, sau biyu ina yi. Magani na nan na saya, yana cikin firji yana jira. Wa ya ce maka an sallame ta?"



Daga baya na ji yadda ta same mu. Ta shiga Liberté tana tambayar Isuhu mijin Ramatu, aka nuna mata gida biyar, babu namu. Sai ta tuna da albasar da na kai mata. A sana'armu kowane ɗan kasuwa yana da alamar da ake shafa wa buhunansa da fenti tun daga gona, don kada kaya su cakuɗe a mota. Tawa jan layi biyu ne da ɗigo a tsakiya. Ta zazzage sauran albasar, ta ɗauki buhun, ta yi kwana uku tana bin rumfunan kasuwa tana ɗaga shi sama. A rana ta uku wani dillali ya ce, "Wannan ai na Dogo ne," ya sa ta a mota zuwa Arras.

Alhaji ya sake karɓar wayar. Sai ya ce, "Ni na sa ka. Allah shi gafarta mini. Asusun ga bai taɓa biyan kuɗin dawowa ba, amma yau za shi biya. Ku taso gobe." An ce dattawa biyu sun ja da shi, suka ce ba a saba ba, ya ce to a saba daga yau.

Ranar da muka tsaya a gaban likita mako bakwai cif da ranar da ya kamata a yi zagaye na huɗu. Sabon ginin yana da kyau, da sanyi, da kujeru masu laushi, ni dai ban ga kyansa ba. Ya duba ta ya daɗe, ya aika mu hoto, ya sake dubawa. Bai yi mini faɗa ba, da ya yi ma da na fi samun sauƙi. Ya ce da farko yana sa ran a cire ƙullun kaɗai a bar mata nononta, yanzu sai an cire duka har da na hammata, kuma shimiyo sai an sake shi daga farko da wani mai ƙarfi. Na tambaye shi ko za ta tashi. Ya ce, "Wata biyu da suka wuce da na amsa maka da ƙarfin gwiwa. Yanzu sai mu yi aiki mu gani."

Wata takwas muka ƙara. Amai ya dawo, gashin da ya tsiro ya sake zubewa, aka yi aikin, aka sa mata roba a gefe tana zubar da ruwa kwana goma, ni nake zubarwa ina wankewa. Hannunta na hagu har yau yana kumbura, taɓarya kuwa ta yi bankwana da ita. Ƙungiyar Tanti ta ci gaba da ɗaukar rabin magani, asusunmu ya ɗauki wani ɓangare, abin da bai taɓa yi wa mai rai ba. Ranar aikin Alhaji Mamman da Tanti Akisi suna zaune a benci ɗaya, shi da carbi, ita da nata irin carbin, babu mai jin yaren wani sosai.

Ina da ƙorafi, kuma zan faɗa. Wanda ya tsara kwashe sashen masu ciwon daji bai tuna cewa a kan bencin akwai mutanen da ba sa iya karanta takardar da aka liƙa a ƙofa ba. Da mutum ɗaya ya zaunar da mu minti biyar ya ce ƙaura ce kawai, ga rana, ga wurin, ku bar lamba biyu, da ban saurari kowa ba. Amma babban laifin nawa ne. Na ɗauki wahalar magani a matsayin alamar mutuwa, na bar tsoron inda za a binne ta ya fi mini tsoron rasa ta. Ku 'yan'uwana, in asibiti sun ce ku jira, ku koma ku tambaya, ku sake komawa har su gaji da fuskarku. Kada ku cire layin waya. In akwai masu taimako irin su Tanti, ku gaya musu kafin ku yanke komai, in kuma Allah ya hore muku ku sa musu wani abu a hannu, don teburi ɗaya da kujeru biyu suka riƙe mini matata.

Saura abu ɗaya, shi ne wanda Ramatu ta ce in na bar shi kada ma in rubuta sauran. Bayan an sallame ta daga aiki, wata rana da safe na tuna da baƙar ledar nan. Na jira ta fita tsakar gida shan hantsi, na jawo jakar daga ƙarƙashin gado don in fitar da ita in mayar wa Alhaji ba tare da ta gani ba. Na ɗaga tsofaffin rigunan, babu leda. Na zazzage jakar gaba ɗaya.

Sai na ji ta a bakin ƙofa ta ce, "Wanga kake biɗa?"

Ta buɗe akwatinta ta fito da shi. An wanke yadin, an goge, an ninke shi tsaf irin ninkin mata.

Ta ce, "Tun ranar da munka isa gida na gan shi, ina biɗar maka rigar sallar Juma'a. Hanya ta sa mishi ƙura, shi ya sa na wanke."

Na ce, "Ramatu, me ya sa ba ki yi magana ba?"

Ta ce, "Na ɗauka lokotoro ya gaya maka abin da bai gaya mini ba. Wata guda cur ina kwana ina tashi da shi ƙarƙashin gadona, ina jiran ranata. Ni ban so tahiyar ba, Malam, ina jin maganin yana aiki cikin jikina. Da ka tambaye ni sau guda, da na ce maka mu jira."

Na zauna a ƙasa a cikin tsummokaran da na zazzage, na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata. Na ce ta ba ni in mayar. Ta ƙi, ta mayar da shi akwati ta kulle, ta ɗaura makullin a bakin zanenta.

Ta ce, "Nawa ne, ni zan aje. Ranar da ya kamata, in ina da baki ni zan ce ka ɗauko. Kafin nan kar ka sake yanke mini."

Duk wata uku muna tsallaka gada a yi mata hoto. An yi na baya-bayan nan ranar Litinin, likita ya ce akwai wani ɗan tabo a haƙarƙari da yake so a sake dubawa, za su kira mu kafin ƙarshen mako. Yau Laraba. Wayata tana nan a gabana da caji cike, kuma lamba uku muka bari a wannan karon. Ta farko ta Ramatu ce.